Zan iya mayar da tsohon injin akori-kurata zuwa bel guda ɗaya?

Wani ɗan'uwa ya turo tambaya, ya ce yana da tsohuwar akori-kura Chevrolet ƙirar 1978, injin 350 mai kafireto, har yanzu da fanbel ɗinta na da, kowanne da abin da yake ja. Ya ce ya gaji, kullum da safe sai ƙara, in ya ɗaure wannan wancan ya saki, in ya kunna fitila da AC da dare batir baya cika. To ya samu biraket, wato ƙarafan da kayan gaban inji suke zama a kai, da fuli, wato ƙafafun da bel yake hawa, na wata ƙirar 1991 mai dogon bel guda ɗaya mai layi-layi, wanda ake cewa safantin, shine yake tambaya ko zai iya canja fuli da bel kawai ya bar sauran kayansa yadda suke.

Malam aikin yana yiwuwa, kuma ina bayanka ɗari bisa ɗari domin injin nan ya cancanci a yi masa wannan gatan, amma maganar fuli da bel kawai ka cire ta daga ranka tun yanzu. Gaban injin gaba ɗaya zaka canja, tun daga fulin karanshaf har zuwa fanka, kuma duk kayan su fito daga jikin inji ɗaya. Yawancin waɗanda na ga aikin nan ya ba su ciwon kai haɗe-haɗe suka yi, biraket na wannan shekara, fuli na waccan, wata-famfo kuma nasu na da, sannan su zo suna mamakin me yasa bel yake tsalle ko mota take tafasa. Kowane tsari an ƙera shi ne da ma'auninsa, nisan kowane fuli daga fuskar bulok lissafi ne, in ka shigo da baƙo ɗaya a cikinsu layin ya karkace kenan.

Dalilin da yasa nake cewa ka yi shi, tsohon fanbel ɗinka, wato bel ɗin V, da gefensa yake kama fuli, kuma yadda ka ɗaure shi da hannunka haka zai zauna har ya miƙe ya saki, in ka matsa shi da yawa don kada ya yi ƙara sai ka kashe boris ɗin altaneta ko na wata-famfo. Shi kuwa safantin faɗi gare shi, layi shida, kuma ba kauri, yana lanƙwasa gaba yana lanƙwasa baya, shi yasa ake iya naɗe shi sosai a kan ɗan ƙaramin fulin altaneta ya kama da kyau, sannan ga tenshana mai sifirin, wadda wasu ke cewa ajasta, tana riƙe shi da ƙarfi iri ɗaya ko ya tsufa ko sabo ne. Ford ce ta fara sa shi a Mustang ta 1979, ita kuma GM, mai kamfanin Chevrolet, sabuwar ƙirar akori-kurarta ta 1988 da shi ta fito, kaga kenan ba sabon abu bane, an daɗe da gwada shi.

Yanzu ga wurin da nake so ka natsu sosai, wato wata-famfo. Ka tsaya a gaban injin ka kalle shi, karanshaf yana juyawa ne irin juyin agogo, kuma a tsarinka na yanzu duk abin da bel yake ja haka yake juyawa shima. A safantin abin ya bambanta. Fulin da ɓangaren layi-layin bel ya hau kansa yana bin karanshaf, amma wanda bayan bel ɗin, wato ɓangaren sumul, ya goga a jikinsa baya yake juyawa. Je ka duba fulin wata-famfo ɗin da ka samo na 1991, zaka gan shi sumul ba kwari ko ɗaya, ma'ana bayan bel ne yake jan sa, ma'ana famfon akasin agogo zai juya. Shi kuma famfonka na 1978 fikafikan da ke cikinsa an tsara su ne don juyin agogo. Abin da yake yaudarar mutane shine in ka juya irin wannan famfo baya ba wai zai daina tura ruwa kwata-kwata bane, yana turawa kuma ta hanyar da ya saba, amma kaɗan ƙwarai, sai ka tada mota a gareji ka bar ta ta yi minti ashirin allura tana zaune lafiya ka ce ai shikenan aiki ya yi, sai ka hau titi ka ɗora mata kaya ko ka kama hawa ka ga allura ta tafi ja. Daga nan sai a fara zargin lagireto, a cire tamostat, a canja gasket ɗin tof, wato kan inji, alhali matsalar tana nan zaune a bayan fuli. Don haka dole ka sayi wata-famfo mai juyin baya na ƙirar 1988 zuwa 1995, kuma sabo, wannan ba abin da ake ɗaukowa na hannu bane domin baka san halin sil da boris ɗinsa ba, ga shi duk biraket a kansa da kewayensa suke, in ya fara ɗiga bayan wata ɗaya sai ka sake kwance komai. Daga waje su biyun kamanninsu ɗaya, saboda haka kada ka yarda da ido, ka sayi famfon da shekarar motar da kayan suka fito.

Akwai kuma maganar tsawo. Ƙaramin V8 ɗin Chevrolet famfo iri biyu yake da shi, gajere mai inci 5 da kashi 5 cikin 8 daga inda ya zauna a bulok zuwa fuskar da fuli yake hawa, da kuma dogo mai kusan inci 7. Safantin ɗin akori-kura da dogon yake aiki. Kai naka ma dogo ne tun asali tunda ƙirar 1978 ce, to ba zaka rasa fili tsakanin fanka da lagireto ba, amma mai tsohon inji na shekarun 1960 da yake da gajere sai ya auna filin nan kafin ya fara.

Fanka ma haka take, a jikin famfon take ai, duk inda ya juya nan zata juya. Tsohuwar fankarka in ta juya baya iska zata rinƙa turawa gaba cikin lagireto maimakon ta zuƙo, a tsaye abin zai ɗan rufa asiri, amma da zarar mota ta ɗau gudu iskar hanya tana shigowa fanka tana tura ta baya, sai su kashe juna. Kuma don Allah kada wani ya ce maka ka kifa fankar ka ɗaura ta ta baya wai zata gyaru, ba ta gyaruwa, karkatar fikafikan tana nan yadda take ko ka kifa ta, iyakaci ka rage mata ƙarfi. Ka ɗauko fankar motar 1991 ɗin, ka sa mata kuloci na juyin baya shima, domin kulocin fanka ma yana da ɓangaren da yake aiki. In ka gama ka tada injin ka sa ɗan ƙyalle ko takarda a gaban lagireto, in iska ta manna ta a jiki to daidai ne, in ta ture ta waje ka kashe mota. Wasu suna amfani da wannan damar su koma fankar lantarki, ba laifi, tunda dama altaneta mai ƙarfi zaka samu, amma a sa mata rile da fiyus nata.

Wani gargaɗin kuma, in an kawo maka wani abu an ce ai na 350 ne duk ɗaya ne, ka tambayi shekara. Tsarin 1988 zuwa 1995 daban, na sabon injin 350 da ake cewa Vortec da ya fara daga 1996 daban. A na farko altaneta tana sama ɓangaren direba, kwamfiresar AC tana ɓangaren fasinja, a Vortec kuma sun yi musanyar wuri. Famfon Vortec kulocin fankarsa ɗaura shi ake da babban zare guda, ba noti huɗu ba, sannan hanyar da ruwa yake kewayawa kafin tamostat ya buɗe ta waje aka yi ta da tiyo, shi kuwa tsohon bulok irin naka ta ciki take, akwai ƙarin rami a ɓangaren fasinja inda famfo yake zama. Ana iya sa na Vortec a tsohon bulok amma sai an san yadda za a yi da ramin nan da kuma tiyon. Tunda kai na 1991 ka samu ka tsaya a kansa, shi ya fi dacewa da injinka ba tare da dabara ba.

Kafin ka biya kuɗin komai ma, ɗauki biraket ɗin nan biyu ka kara su a gaban injinka ka ga ramukan bolti. Biraket ɗin safantin a jikin tof suke kamawa da kuma bulok. Tof ɗin da aka yi kafin 1969 ba su da ramuka a goshinsu sam, waɗanda suka biyo baya suna da su amma ba kullum adadinsu yake cika abin da biraket yake nema ba, kuma inji mai shekara arba'in da wani abu baka san tof ɗin wa aka taɓa ɗora masa ba. In rami ɗaya ne babu, akwai masu yin ƙarfen tallafi su kama daga wani wurin, wannan na yarda da shi in an yi shi da kauri. Abin da ban yarda da shi ba shine a bar biraket yana rataye da bolti biyu a ce ai ya kama, alminiyom ne, jijjiga da jan tenshana zasu tsaga shi. Haka kuma ban son a ɗau dirila a huda tof yana kan inji, ruwa yana bayan ƙarfen nan kusa. Ka wanke biraket ɗin tas ka duba kunnuwansu ko akwai tsaga tun daga can.

Sannan lokacin kwancewa daga waccan motar kada ka bar ko wosha. Akwai bolti masu kai biyu da suke ɗaure famfo kuma biraket ya hau kansu, akwai dogaye da gajeru, waɗanda suke shiga bulok da tof zaren inci ne, waɗanda suke ɗaure altaneta da sauransu a jikin biraket kuma na milimita, in ka zuba su a gwangwani ɗaya zaka sha wahala. Ka ɗau hoto kafin ka taɓa komai, kowane bolti ka soka shi a kwali ka rubuta inda ya fito. Akwai kuma ƴan sandunan ƙarfe da suke tokare bayan altaneta da kwamfiresa da famfon sitiyari, wasu a jikin manifol ɗin salansa suke kamawa, mutane suna raina su suna yarwa, alhali su ne suke hana kayan nan noƙewa gaba in bel ya ja. Ka ciro har soket ɗin altaneta da guntun wayarsa, zaka buƙace shi.

Ga wani ɗan abu da ba kowa ya sani ba kuma yana iya ɓata maka rana. A gaban bulok ɗin nan ta ƙasa ɓangaren fasinja akwai ramukan bolti biyu, na saman ya zarce har cikin hanyar sandar da take buga famfon fetur. In ka bar shi a buɗe baƙin mai zai rinƙa tsiyaya ta nan, in kuma ka sa bolti mai tsawo da yawa zai danne sandar ya hana ta motsi, mota ta ƙi kawo mai ko ma sandar ta lalace. To ka auna tsawon boltin da zai shiga nan, ka shafa masa gam na zare. Motar 1991 injekta ce, famfon fetur ɗinta a tanki yake, don haka wanda ya zana biraket ɗin bai yi lissafin bututun fetur ɗinka da yake tasowa daga famfo zuwa kafireto ba, galibi sai an sake lanƙwasa sabo. A yi shi da bututun ƙarfe, ya yi nesa da bel, kada a ja tiyon roba ta gaban inji kusa da fuli mai gudu. Haka murfin tamostat, in bakinsa yana kallon inda altaneta ta koma ka ɗauko na waccan motar da tiyon samanta.

Damfa, wato ƙaton ƙarfen nan mai roba a tsakiya da ke bakin karanshaf, ka bar taka in lafiyarta ƙalau, fulin safantin da bolti uku zai hau kanta. In robar ta tsattsage ko tana leƙowa waje canja ta yanzu, domin damfa mai rawa bel ɗin V yana haƙuri da ita amma safantin baya yi. Mai injin 400 kuma kada ya kuskura ya ɗora damfar 350, tasa tana da nauyin daidaito a jiki. Kafin ka rufe gaban injin ka kawo fiston na ɗaya can sama ka tabbatar da makin taimin, ka duba ko zaka iya hango shi bayan biraket sun hau, in zasu rufe shi ka yi sabon maki a inda fitilar taimin zata gani.

Famfon fawa sitiyari kuwa ƙirar kamfanin Saginaw ne duka biyun, amma ka yi amfani da na motar 1991 ɗin tunda shi ya dace da biraket. Inda zaka ci karo shine bakin tiyon matsi. Naka na 1978 zaren inci ne mai buɗaɗɗen baki, daga 1980 suka koma na milimita 16 mai zoben roba. Maganin mai sauƙi ne, babban notin nan da ke bayan famfo inda tiyo yake shiga kwance shi ake, sai ka ciro na tsohon famfonka ka ɗaura a sabon, tiyonka ya shiga abinsa, ka dai lura da ɗan bawul da sifirin da ke bayansa kada su faɗo ko su shiga a juye. Fulinsa kuma matse shi ake a kan shaf, akwai na'urar cirewa da ta mayarwa, kada a sa guduma, bugu ɗaya yana lalata cikin famfon, kuma kada a sa fula mai ƙafa uku ta kama bakin fulin domin lanƙwashe shi zata yi. Wannan fulin shine kusan kullum sanadin karkacewar layi, tunda shi kaɗai ne zaka iya tura shi ciki da yawa ko ka bar shi waje.

Sai lantarki. Altanetarka ta yanzu 10SI ce, mafi ƙarfinta amfiya 63, wadda zata zo da kayan 1991 kuma CS130 ce mai kaiwa 105, kuma tana caji da kyau ko mota tana tsaye a silo, wannan kaɗai zai magance maka kukan batir da dare. Tsohon soket waya biyu ne, lamba 1 ta fitilar caji, lamba 2 ta jin ƙarfin wuta. Sabon yana da haruffa huɗu, P da L da F ko I da kuma S. Lamba 1 zata tafi L, lamba 2 ta tafi S. Abin kiyayewa shine L ba ta son wuta kai tsaye, dole ta bi ta ƙwan fitilar dashbod ko ta resisto, in motarka geji gare ta ba fitila ba sai mai rewaya ya auna layin, in babu abin da ke rage wutar ya sa resisto mai kusan om 85, in ba haka ba regileta zata ƙone. Tunda altaneta ta ƙaura zuwa ɗaya ɓangaren sai an ƙara tsawon wayoyi, to a yi amfani da damar a ja sabuwar waya mai kauri daga bayanta zuwa batir da fiyus babba a kusa da batir ɗin, domin wayar da aka yi don amfiya 63 kuma ta shekara arba'in tana shan zafi bai kamata a ɗora mata 105 ba. Wannan maganar gobara ce, kada a yi mata sakaci. In an gama, mita ta nuna bolt 14 da ɗan wani abu a kan batir inji yana aiki.

AC ba zan daɗe a kanta ba. Tsohuwar doguwar kwamfiresarka A6 ba zata hau biraket ɗin nan ba, R4 ce take hawa, gajera mai faɗi, kuma tiyo sai an yi sababbi tunda ta canja ɓangare. In zaka koma gas ɗin R134a daga R12 sai an wanke layi an canja mai da diraya, wannan aikin mai AC ne, shi zai zuƙe tsohon gas ɗin da na'ura. In baka shirya ba yanzu akwai fuli na musamman da ake ɗaurawa a gurbin kwamfiresa bel ya bi ta kansa yadda aka tsara, na fi son wannan a kan a sa gajeren bel a tsallake wurin, domin tsallakewa tana rage yadda bel ya naɗe wasu fulin.

Shi bel ɗin kansa lambarsa tana gaya maka komai, in ka ga 6PK da lamba a gaba, 6 ɗin layi shida ne, lambar kuma tsawonsa ne a milimita. In ka sa komai yadda yake a motar 1991 to bel ɗinta zaka saya kai tsaye. In ka cire wani abu ko girman fuli ya canja sai ka zagaya da igiya mara miƙewa ta hanyar da bel zai bi, tenshana tana tsakiyar tafiyarta, ka auna. A jikin tenshana akwai maki, in bel ya hau alamar ta tsaya tsakanin makin biyu, in ta kai ƙarshe ta kowane ɓangare to tsawon bai yi ba ko da kuwa kana ganin ya ɗaure. Tenshana da fulin banza da ke juyawa kawai suma sababbi zaka sa, sifirin da boris ne, suna gajiya. Daga nan sai duba layi, ka samu miƙaƙƙen ƙarfe ka kara a fuskar fulin karanshaf ka miƙa shi zuwa kowane fuli, amma kwarin farko zaka kwatanta da kwarin farko domin kaurin leɓen fuli ba ɗaya bane. Tsakanin layi da layi milimita 3.56 ne kacal, kaga in fuli ya kauce da ko rabin wannan bel zai fara cin gefe, yana zare, wata rana ya hau leɓe ya fice.

Ga masu injin Ford 302 ko 351W da suke karantawa, ƙa'idar ɗaya ce amma naku ya fi tarko. Famfo mai juyin baya yana tafiya ne da murfin taimin da ya dace da shi, kuma murfin injinan injekta da yawa ba su da mazaunin famfon fetur na inji. Damfar 302 ta canja nauyin daidaito daga oza 28 zuwa 50 a wajen 1981, shi kuma 351W ya zauna a 28, in ka ɗora wadda ba tasa ba don kawai fuli ya hau, injin zai rinƙa karkarwa har ya ci metal. Sannan 351W ya fi 302 tsayin bulok, biraket ɗinsu ba lallai su hau juna ba. Wanda kuma injinsa ba shi da ƙani a gidansu da ya fito da safantin, wato sai dai a yanka ƙarfe a ƙera biraket daga farko, gaskiya shawarata in ba yana da mai injin sassaƙa ƙarfe da ya iya aiki ba ya haƙura, da muguwar rawa gara ƙin tashi, ya sayi bel ɗin V masu kyau ya gyara layin fulinsa, in altaneta ce take zamewa ya sa mata fuli mai kwari biyu.

Ranar tayarwa ka cika ruwa ka fitar da iska, ka ɗaga gaban motar ka juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe sau da yawa inji a kashe don iskar famfon sitiyari ta fita, sannan ka tada na ɗan lokaci ka kashe ka duba ko bel yana zaune cikin kowane kwari. Ka kalli hannun tenshana inji yana aiki, ɗan motsi kaɗan ba komai, amma in yana tsalle to akwai fuli mai rawa ko damfa. In ka ji ƙara ka fesa ɗan ruwa a ɓangaren layi-layin, daga nesa, hannu da hannun riga su yi nisa da fanka. In ƙarar ta ɗauke na ɗan lokaci ta dawo to layi ne ya karkace, koma kan fulin sitiyari. In ta ƙaru to ɗaurin ne bai isa ba, ko tenshana ko tsawon bel. Kada ka fesa masa mai ko wani maganin hana ƙara, robar EPDM da ake yin bel ɗin yanzu da ita ba ta shiri da su, kuma irin wannan robar ba ta cika tsattsagewa ba in ta tsufa, layukan ne suke cinyewa, don haka rashin ganin tsaga ba shaidar lafiya bace.

Abu ɗaya da tsohon tsarinka ya fi wannan shine in bel ɗaya ya tsinke sauran suna nan, a nan kuwa in ya tafi komai ya tsaya lokaci guda, haka in boris ɗin abu ɗaya ya cije zai tafi da bel ɗin duka. Don haka ka zana hanyar da yake bi ka manna a ƙarƙashin bonet, ka ajiye bel na biyu a bayan kujera tare da sifanar da ta dace da tenshanarka, canja shi aikin minti biyar ne in kana da su. In kana tafiya ka ga fitilar batir ta kama kuma sitiyari ya yi nauyi a lokaci ɗaya, to wata-famfo ma ya tsaya kenan, ka riƙe sitiyari da hannu biyu ka gangara gefe ka kashe inji nan take, kada ka ce bari in ƙarasa.